Shuɗin rubutu a saƙon imel: Asalin mahaɗan da ke shiga da kansu da yadda ake kashe su

Mahaɗi, wanda masu hulɗa da kwamfuta suka fi sani da linki, shi ne rubutun da idan aka latsa shi yake kai mutum wani shafi na intanet, ko ya buɗe masa sabon saƙo, ko ya fara kiran wata lamba. Akwai wanda mai rubutu yake sakawa da niyya. Akwai kuma wanda manhajar imel take ɗorawa da kanta, ba da izinin kowa ba, don kawai wasu haruffa sun yi mata kama da adireshi. Nan take sai rubutun ya rikiɗe ya koma shuɗi, a ja masa layi a ƙasa. An ƙirƙiri wannan na biyun ne domin a sauƙaƙa wa mutane, kuma a mafi yawan lokuta yana sauƙaƙawa. Amma a takardar neman aiki, ko takardar da za a shigar kotu, ko saƙon da ke ɗauke da lambar asusun banki, shisshigi ne da kan jawo ɓata lokaci, wani sa'in har da asara.

A Ƙaramar Hukumar Tarauni da ke birnin Kano, wadda hedikwatarta ke Unguwa Uku, wannan matsala ba baƙuwa ba ce, domin yanki ne da harkar takarda ta yi yawa. Babbar Kotun Tarayya tana Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan Titin Zariya, ga kuma kasuwar waya ta Farm Centre. A kewayen waɗannan wurare akwai ofisoshin lauyoyi da shagunan buga takardu da masu yi wa jama'a rajista ta intanet, waɗanda abincinsu na yini shi ne karɓar takarda ta imel, a gyara ta, a buga, ko a tura ta gaba.

Misali guda ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. Adireshin imel da yawa suna ɗauke da ɗan gajeren layin nan na ƙasa, kamar a sunan_shago@example.com. Idan manhaja ta mayar da adireshin mahaɗi, layin da take ja a ƙarƙashinsa yakan haɗiye wancan ɗan layin gaba ɗaya. A kan allo ana iya latsawa a wuce. Amma da zarar an buga takardar a firinta mai baƙi da fari, shuɗin yakan fito toka-toka, alamar kuma ta ɓace, sai mai karatu ya ɗauka tazara ce ko ba komai a wurin. Mai neman aiki zai zauna yana jiran amsa, alhali an tura ta wani adireshin da ba nasa ba, ko ta koma wa mai aikowa.

Daga ina abin ya samo asali

Imel ya girmi mahaɗi nesa ba kusa ba. A 1971 ne injiniya Ray Tomlinson na Amurka ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan na'urarsa. Shekara da shekaru saƙon imel tsuran haruffa ne, ba launi, ba hoto, ba abin latsawa. Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar yanar gizo a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, a 1992 kuma aka fitar da ƙa'idar MIME wadda ta ba imel damar ɗaukar hoto da fayil da rubutu mai ado. Burauzar Mosaic ta 1993 tana cikin waɗanda suka saba wa duniya da ganin mahaɗi cikin shuɗin launi.

Tun a wancan lokacin masu tsara ƙa'idojin intanet suka hango matsalar da ake fama da ita yau, wato yadda za a gane inda adireshi ya fara da inda ya ƙare a tsakiyar jimla. Takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1738 ta Disambar 1994 ta ba da shawarar a riƙa kewaye adireshi da alamomin < da >, kuma wadda ta gaje ta a 2005, RFC 3986, ta maimaita shawarar. Jama'a ba su bi ba, sai kamfanonin manhaja suka koma cinta: duk abin da ya fara da www ko http, ko yake da @ a tsakiya, sai a ɗauke shi adireshi.

Kamfanin Apple ya kai cintar nan gaba, inda ya koya wa na'ura gane lambar waya da kwanan wata da adireshin gida. Ya nemi rajistar mallakar wannan fasaha a Amurka a 1996, aka ba shi a 1999 da lamba 5,946,647. Ƙaramin abu ne a ido, amma yana cikin abubuwan da Apple ya kai Samsung kotu a kansu, kuma a watan Mayun 2014 masu taya alƙali yanke hukunci a San Jose ta jihar Kalifoniya suka ce a biya Apple dala miliyan 119.6. Google kuwa a watan Satumbar 2017 ya sanar da cewa Gmail zai fara mayar da adireshin wuri da lambar waya da adireshin imel mahaɗai da kansa. Daga nan shuɗin rubutu ya zama ruwan dare a kowane akwatin saƙo.

Hannu biyu ne ke ɗora shi

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mutane, kuma wanda bai fahimce shi ba zai yi ta kashe saiti yana ganin kamar bai yi komai ba. Mahaɗin da ke shiga da kansa yana iya fitowa daga wuri biyu.

Na farko daga manhajar mai aikawa, a daidai lokacin da yake rubutu. Outlook da Word haka suke yi: da zarar an gama rubuta adireshi aka danna maɓallin tazara ko na shiga sabon layi, sai su saka mahaɗin a cikin saƙon kansa, ya tafi da shi duk inda aka tura shi. Wannan yana hannun mai rubutu, kuma ana kashe shi cikin minti ɗaya.

Na biyu daga manhajar mai karɓa, a lokacin da yake buɗe saƙon. Ko da an aiko da tsuran haruffa, Gmail ko manhajar Mail ta iPhone za ta bi rubutun layi-layi, ta shafa shuɗi a kan duk abin da ta ga dama. Mai aikawa ba shi da iko a kan wannan, domin ba a na'urarsa abin yake faruwa ba. Shi ya sa sakataren lauya a Gyaɗi-Gyaɗi zai iya tura saƙo fes daga kwamfutar ofis, wanda ake karewa ya buɗe a wayarsa a Darmanawa ya tarar da shuɗi a wuri uku. Dabarar da ta rage wa mai aikawa ita ce ya rubuta abin ta yadda ba zai yi wa na'ura kama da adireshi ba.

Inda Hausa ta yi karo da sunayen ƙasashe

Mai rubutu da Hausa yana da wata matsala ta daban. Kowace ƙasa tana da harafi biyu da adireshinta na intanet ke ƙarewa da su. Na Najeriya shi ne .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Abin mamaki, da yawa daga cikin waɗannan ƙarshe-ƙarshen kalmomin Hausa ne na yau da kullum. Na Jamhuriyar Nijar .ne ne. Na Namibiya .na, na Bosniya .ba, na Afirka ta Kudu .za, na Maroko .ma, na Saudiyya .sa, na Gabon .ga, na Somaliya .so, na Kenya .ke, na Indiya .in, na Kot Dibuwa .ci, na Burundi .bi, na Finland .fi. Akwai .mu na Moris, .ki na Kiribati, .ni na Nikaragua, .to na Tonga, .je na tsibirin Jersey, .ai na Anguilla, .me na Montenegro. Har .su yana nan da ransa, duk da cewa Tarayyar Sobiyat da aka yi shi dominta ta rushe tun 1991.

To, ga ɗabi'ar masu rubutu da gaggawa a waya ta rashin barin tazara bayan aya. Wanda ya rubuta "sai gobe.in sha Allahu" ya rubuta adireshin Indiya bai sani ba. Wanda ya rubuta "kaya sun iso.za a biya" ya nufi Afirka ta Kudu. Ba kowace manhaja ce ke faɗawa wannan rami ba, Outlook na kwamfuta yakan jira ya ga www ko http ko @, amma manhajojin waya da dama jerin ƙarshen adireshi kawai suke dubawa, ba ruwansu da ma'ana. Yawancin irin waɗannan mahaɗai ba sa kai mutum ko'ina. Sai dai akwai ƙarshe kamar .to da .me da .ai da kowa a duniya zai iya sayen suna a ƙarƙashinsu, don haka ba abin da zai hana wata kalmar Hausa ta kasance shafin wani da ba a san ko wane ne ba. Maganin kuwa tsohon darasin firamare ne: a bar tazara bayan aya.

Sunayen fayil ma sun shiga sahu. A watan Mayun 2023 Google ya buɗe wa jama'a sayen adireshi masu ƙarewa da .zip da .mov, waɗanda dama ƙarshen sunan fayil ne da kowa ya sani. Masana tsaron intanet sun yi ta ƙorafi a lokacin, domin saƙon da ya ce "a duba takardu.zip" zai iya zama mahaɗi zuwa shafin da wani ya saya da wannan suna, mai karɓa kuma ya latsa da zaton fayil ɗin abokin aikinsa yake buɗewa. Ƙarshen .pdf ba ya cikin wannan jeri.

Haruffa masu lanƙwasa suna da nasu labarin. A cikin adireshin shafi, harafin ƙ yakan koma %C6%99, ɗ ya koma %C9%97, ɓ ya koma %C9%93. Idan aka kwafo adireshin wani labarin Hausa aka ga ya cika da alamar kashi cikin ɗari, ba lalacewa ya yi ba, fassarar na'ura ce, kuma bai kamata a yi masa gyaran hannu ba.

Lambobi da adireshin gida

Lambar wayar salula a Najeriya alƙaluma 11 ce. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ma 11 ce, haka lambar BVN da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014. Lambar asusun banki ta tsarin NUBAN alƙaluma 10 ce, lambar biyan kuɗi ta Remita kuma 12. A idon wayar hannu duk waɗannan za su iya zama lambar kira. Mai son kwafe lambar asusu domin ya biya kuɗi sai ya taɓa ta, maimakon kwafi sai wayar ta nufi kira. Wanda ya yi yunƙurin kwafe ta da jan yatsa kuma, ga shuɗin yana gardama, yakan bar alƙalami ɗaya a baya. Ba laifin na'ura ba ne kacokan: lambar asusun OPay, alal misali, lambar wayar mutum ce da aka cire mata sifilin farko, don haka cintar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Abin da ke aiki a yawancin wayoyi shi ne a ɗora yatsa a kan lambar a riƙe na ɗan lokaci har zaɓin kwafi ya fito, sannan a duba sunan mai asusun kafin a tura ko sisi.

Adireshin gida kuwa nan ne na'ura take yawan shan kunya. Kwatance a Kano da masallaci da gidan mai da shatale-tale ake yin sa, bayan kaza, daura da kaza, layi na biyu hannun dama. Manhaja ba ta jin wannan yare. Abin da takan kama shi ne guntun da ya zo da lamba da sunan titi na Turanci, ta miƙa wa taswira ta nemo. Idan ba a rubuta Kano a jikinsa ba, babu tabbacin inda za a sauka, domin akwai Court Road a Landan, akwai kuma titin da ake kira Zoo Road a birnin Guwahati na Indiya. Wanda ke son baƙonsa ya iso, gara ya rubuta unguwa da gari, ko ya saka mahaɗin taswira na ainihin wurin da hannunsa.

Yadda ake kashe shi a Outlook da Word

Sunayen maɓallan suna nan da Turanci kamar yadda suke bayyana a yawancin kwamfutocin ofis. A tsohon Outlook na kwamfuta, wanda har yanzu ofisoshi da yawa ke amfani da shi, za a shiga "File", sai "Options", sai "Mail", a latsa "Editor Options". A ɓangaren "Proofing" a latsa "AutoCorrect Options", a buɗe shafin "AutoFormat As You Type", a cire alamar da ke cikin ɗan akwatin "Internet and network paths with hyperlinks", sannan a latsa "OK". Akwai irin wannan akwati a shafin "AutoFormat" da ke kusa, yana da kyau shi ma a cire masa alamar. Daga nan duk adireshin da aka rubuta zai zauna baƙi yadda aka rubuta shi.

A Word hanyar ta fi gajarta: "File", "Options", "Proofing", "AutoCorrect Options", sai shafin nan dai da akwatin nan dai. Excel ma haka. Abin lura shi ne kowace manhaja da nata saitin. Tun daga Outlook na 2007 injin rubutun Word ne ke aiki a cikinsa, amma kashewa a Word ba ta kashe na Outlook. Mai shagon da ke buga takardun neman aiki a Word yana tura su ta Outlook sai ya bi duka biyun.

Wanda ba ya son kashewa ɗungurungum yana da hanyoyi masu sauƙi. Da zarar rubutu ya koma shuɗi, kafin a rubuta wani abu, a danna Ctrl da Z tare. Mahaɗin zai tafi, rubutun ya tsaya. Idan an riga an wuce, a ɗora kibiya a kansa a latsa maɓallin dama na linzami, a zaɓi "Remove Hyperlink". Idan kuwa takarda ce da ta cika da su, a danna Ctrl da A a zaɓi komai, sannan Ctrl da Shift da F9 a lokaci guda. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da maɓallin Fn. In launin ya ƙi tafiya, Ctrl da maɓallin tazara yana wanke adon rubutu, amma har da kaurin haruffa da karkatarsu zai kwashe.

A nan akwai gargaɗi ga masu buga kundin kammala karatu da dogayen takardun shari'a. Ctrl da Shift da F9 ba mahaɗai kaɗai yake kwancewa ba. Jadawalin abubuwan da ke ciki, da duk wata ishara da Word ke sabuntawa da kansa, za su daskare su koma rubutu zalla, ba za su ƙara bin sauyin lambar shafi ba. Mai hankali yakan ajiye kwafi kafin ya danna, ko ya zaɓi sakin layin da abin ya shafa kawai.

Kashe wannan saiti ba ya taɓa mahaɗin da aka kwafo daga wani shafi aka liƙa, domin shi da kayansa ya zo. Wajen liƙawa sai a zaɓi "Keep Text Only". A ofisoshin da ke da rumbun fayil na haɗaka kuma, inda hanyar fayil ke farawa da \\, matsalar takan juye: ana son mahaɗin, amma yana yankewa a inda sunan jaka yake da tazara. Tsohuwar shawarar 1994 ce ke magance wannan, a fara da < a rufe da >, Outlook zai ɗauki hanyar gaba ɗayanta.

Sauran manhajoji

A sabon Outlook da na burauza, abin da ya fi damun mutane shi ne akwatin samfoti da ke faɗowa ƙarƙashin adireshi, ɗauke da hoto da kanun shafin. Ana kashe shi ta "Settings", "Mail", "Compose and reply", a cire alamar "Preview links in email".

Gmail bai tanadi maɓalli guda na kashe mahaɗai ba. A akwatin rubutu, idan aka latsa mahaɗi zaɓin cire shi yakan fito a ƙarƙashinsa. Ɗigo ukun da ke ƙasan akwatin suna ɗauke da "Plain text mode", wanda ke tuɓe wa saƙo duk wani ado, kuma Ctrl da Shift da V yana liƙa rubutu ba tare da kayan da ya zo da su ba. Amma kamar yadda bayani ya gabata, idan mai karɓa ma Gmail yake amfani da shi, zai ga shuɗinsa.

A manhajar Mail ta kwamfutar Mac, ana shiga "Edit", sai "Substitutions", a cire alamar "Smart Links" yayin da ake cikin akwatin rubutu. A Thunderbird, ana cire alamar "Compose messages in HTML format" a ɓangaren "Composition & Addressing" na saitin asusu. WhatsApp, wanda a kasuwar Farm Centre ya fi imel kasuwa nesa, yana da "Disable link previews" a ƙarƙashin "Privacy" da "Advanced", amma samfotin kawai yake hanawa, shuɗin yana nan.

Ma'aikatan manyan hukumomi da kamfanoni kan ga wani abu daban: adireshi gajere ya koma dogon jeri mai ɗauke da safelinks.protection.outlook.com. Wannan tsarin tsaro ne na Microsoft da ke bincika shafi kafin ya bar mutum ya shiga. Ba ma'aikaci ne ke kashe shi ba, yana hannun sashen kula da kwamfuta na ma'aikatar, kuma ba abin da ya kamata a roƙi a kashe ba ne.

Dabarun rubutu, da wadda ya kamata a guje wa

Tunda manhajar mai karɓa ba ta hannun mai aikawa, takardar da ake son ta isa yadda take gara a mayar da ita PDF a haɗa da saƙon, bayan an cire mahaɗan a Word. Adireshin da ake so a latsa kuma a ba shi layinsa shi kaɗai, kada a manna masa aya ko waƙafi a ƙarshe, domin wasu manhajojin kan haɗa da alamar, shafin ya ƙi buɗewa.

Masu tsara saƙonnin talla suna da dabarar cusa harafi marar ganuwa a tsakiyar lamba ko adireshi domin na'ura ta kasa gane shi. Tana aiki, amma ba ta dace da lambar asusu ko NIN ko adireshin imel ba. Wanda ya kwafa zai kwafa har da ɓoyayyen harafin, manhajar banki ko shafin rajista ya ƙi karɓa, shi kuma yana kallon lamba daidai bai san abin da ya hana ba.

Batun damfara

Akwai lokacin da kashe mahaɗi ya wuce batun tsaftar takarda. Wanda ya samu saƙon 'yan damfara, na tallafin ƙarya ko ɗaukar aiki na bogi ko barazanar rufe asusu, yakan tura wa 'yan uwa da abokan aiki domin ya gargaɗe su. Niyyar mai kyau ce, amma idan mahaɗin ya tafi da ransa, gargaɗin ya zama talla, kuma ba a rasa wanda zai latsa don ya gani da idonsa. Masana tsaron intanet suna da al'adar cire wa irin wannan adireshi dafi kafin su yaɗa shi: su mayar da http ya koma hxxp, su kewaye ɗigon da baka mai kusurwa, kamar example[.]com. Mutum zai karanta ya gane, na'ura kuwa ba za ta mayar da shi abin latsawa ba. Hoton allo ma yana biyan wannan buƙata.

Kada kuma a ɗauka cewa kashe saitin da aka bayyana a sama kariya ce daga damfara. Saitin yana hana manhajar mutum ɗora mahaɗi a kan abin da shi ya rubuta ne kawai. Ɗan damfara da hannunsa yake saka nasa, kuma yana iya rubuta sunan banki a fili alhali mahaɗin da ke ƙarƙashi wani wuri ya nufa. A kwamfuta, ɗora kibiya a kan rubutun ba tare da latsawa ba yana nuna ainihin inda za shi. A waya, riƙe shi da yatsa ne ke nunawa. Sai a karanta da natsuwa, domin ana sayen adireshi da haruffan da suka yi kama da na asali. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya nuna adireshin da aka rubuta da haruffan Sirilik wanda a wasu burauzoji ba a bambance shi da na Apple. Mai karanta Hausa ya fi kowa sanin yadda ƙ da k suke kama a ƙaramin allo.

Outlook na kwamfuta yana kashe mahaɗan duk saƙon da ya faɗa jakar "Junk Email", don haka saƙon da ake shakka a kansa a can ya fi dacewa a duba shi, kada a fito da shi. Akwai kuma zaɓin "Read all standard mail in plain text" a ƙarƙashin "Trust Center" da "Email Security", wanda ke tuɓe wa saƙonni masu shigowa ado, ainihin adireshin da aka ɓoye ya fito fili. Saƙonnin za su yi muni a ido, amma ga kwamfutar shago da mutane da yawa ke buɗe imel a kanta, munin ya fi arha.

Ta fuskar doka, sashe na 32 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara uku, ko tarar naira miliyan ɗaya, ko duka biyun, ga wanda aka samu da laifin yaudarar mutane ta irin waɗannan saƙonni domin ya sace bayanansu. Wanda ya riga ya latsa har ya shigar da lambar sirri ko bayanan katinsa, bankinsa zai fara kira a rufe katin, ta lambar da ke bayan katin ba wadda ke cikin saƙon ba, sannan ya sauya kalmar sirrin imel ɗinsa daga wata na'urar daban.